Duluth, garin da ake kashe hita kafin a fara kiɗa

Daga Minneapolis zuwa Duluth, a jihar Minnesota ta Amurka, tafiyar kusan awa uku ce a bas, kilomita 250 a kan babbar hanya mai lamba 35, kuma a Duluth ɗin ne hanyar ta ƙare. A ƙarshen watan Nuwamba na bi ta. Babu abin kallo a hanya sai itatuwan da suka kakkaɓe ganye da fadamu da suka fara daskarewa, har sai mota ta hau tudun Thompson, sannan gari ya buɗe a ƙasa gaba ɗaya: gidaje a jikin tsauni, rumbunan hatsi, tashoshin lodin tama, da tafkin Superior wanda ido ba ya kai ƙarshensa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 82,000, wato ya ɗara jihar Neja ta Najeriya. Rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu da rabi a wannan lokaci, don haka matafiyi mai salla ya shirya: azahar da la'asar da magariba kusan a jere suke zuwa.

Abin da ya kai ni shi ne wani irin kiɗa da Amurkawa ke kira slowcore, da ɗan'uwansa da suke kira lo-fi folk. Na farko kiɗan jita da ganga ne da aka rage wa gudu da ƙara har ya koma kamar tafiyar hawainiya. Na biyu waƙa ce da jitar katako, wadda mai ita ya naɗa a ɗakinsa da ƙaramar na'ura, ana jin hucin zaren kaset da motsin kujera a ciki. Dukansu sun girma ne a hannun mutanen da ba su jira kamfani ba, su suke naɗa, su kwafa, su buga hoton bango, su shirya wasa a gidajen junansu. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 ƙungiyoyi kamar Codeine a New York da Bedhead a Dallas suka fara jan kiɗa a hankali, a lokacin da kowa ke gasar ƙara. A 1993 Alan Sparhawk da matarsa Mimi Parker suka kafa ƙungiyar Low a nan Duluth. An san su da abu guda: idan 'yan kallo suka cika surutu, maimakon su ƙara murya sai su ƙara ragewa. Mimi Parker ta rasu a Nuwamban 2022, amma salon kiɗanta, a tsaye, da ganga ɗaya ko biyu da faifan tagulla guda da buroshi a hannu, na gan shi a hannun matasa fiye da ɗaya a 'yan kwanakin da na yi.

Na fara da Sacred Heart, tsohuwar majami'ar Katolika a unguwar Central Hillside, ginin 1896 na jan bulo. An daina ibada a ciki a 1985, yanzu zauren kiɗa ne da situdiyo, kuma Low sun naɗi faifansu na 2002 a nan. Ka tafa hannu sau ɗaya a tsakiyar zauren, sai ka ji amon ya tashi sama ya yi ta yawo kafin ya mutu. Kiɗa mai sauri a irin wannan wuri dagulewa yake yi, don bugu na biyu yana iske na farko bai gama fita ba. Amma idan bugu sittin ne a minti, wato ɗaya a kowace daƙiƙa, kowane sauti yana samun filin da zai gama numfashinsa. A ganina wanda ya tsaya a wannan zaure minti biyar ya fahimci rabin dalilin salon, ko bai taɓa jin faifai ɗaya ba.

Sauran rabin yana ƙarƙashin ƙasa. Yawancin gidajen wannan yanki suna da ɗakin ƙasa na kankare, inda ake ajiye injin wanki da tukunyar ɗumama gida, kuma nan ne ake yin wasannin da ba a tallata adireshinsu. Takardar sanarwa takan nuna rana da sunayen ƙungiyoyi kawai, sai ka tambayi wanda ya sani. Na isa gidan da aka kwatanta mini tun la'asar don in ga yadda ake shiri. Tsohon gidan katako ne mai hawa biyu a kan titi mai gangara, masu haya biyar ke ciki. Ɗakin ƙasan bai fi taku goma sha biyu a tsawo da takwas a faɗi ba, rufinsa mita biyu da 'yan kai, dogon mutum sai ya sunkuya a ƙarƙashin bututun ruwa.

Matar da ke kula da sauti ba ta taɓa lasifika ba sai da ta gama da wuta. Ta ciro ɗan abin gwaji mai fitilu uku, wanda bai fi dala goma ba, ta bi soket ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin gidaje da yawa ba su da wayar ƙasa, wato wadda ke kare mutum daga jan wuta, ko kuma an juya waya mai rai da ta dawowa. Idan amfilifayar jita tana kan soket marar wayar ƙasa, makirufo kuma yana kan wani, to mawaƙin da ke riƙe da tsirkiya ya kai leɓe ga makirufo shi ne zai zama hanyar da wuta za ta bi. Maganinta shi ne ta haɗa duk kayan sauti a kan soket guda mai lafiya ta hanyar doguwar waya mai kauri. Wannan yana kashe tsuntsu biyu: babu jan wuta, kuma gurnanin nan da ke shiga lasifika idan na'urori suna shan wuta daga wurare daban-daban yana raguwa. Wutar Amurka bolt 120 ce mai juyi 60 a daƙiƙa, don haka gurnaninta ya ɗan fi namu na juyi 50 tashi sama. A kiɗa mai ƙara ba wanda zai ji shi. A nan kuwa shi ne zai zama mawaƙi na huɗu.

Lissafin nauyi mai sauƙi ne. Layin amfiya 15 yana ɗaukar wat 1,800. Ƙananan amfilifaya biyu da miksa da lasifika biyu ba su kai rabin haka ba. Abin da ke kashe wasa shi ne ƙaramar hitar ɗaki, wadda ita kaɗai take cin wat 1,500. Wani ya ji sanyi ya jona ta a layi ɗaya, sai na'urar kare layin ta yanke wuta a tsakiyar waƙa, ɗaki ya yi duhu. Shi ya sa ta manne bakin sauran soket ɗin da salatif.

Sannan aka zo kan ɗakin kansa. Kankare tsirara yana mayar da sauti kamar bangon rijiya, musamman tsakanin bango biyu da ke fuskantar juna, inda tafi ɗaya ke komawa ƙarar fiffiken tantabara. Sun rataye barguna masu kauri, irin na kamfanonin kwashe kaya, guda shida, ba a manne da bango ba, an bar tazarar kamar tafin hannu, don iskar da ke bayan bargo tana taimakawa wajen shanye amo. Kafet biyu a ƙasa, ɗaya ƙarƙashin ganga. Tsohuwar katifa a tsaye a kusurwa saboda sautin bes, wato sauti mai kauri, da ke taruwa a can. An toshe 'yan tagogin sama da matasai saboda maƙwabta. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango, in ji ta, ba ya hana komai fita, sai dai ya ba wuta abinci, kuma na yarda da ita.

Mai jita na ƙungiyar baƙi da ta zo daga wata jiha ya shigo da akwatinsa daga mota, ya jingine shi a bango, bai buɗe ba har kusan awa guda. Jitar da ta kwana a sanyin ƙasa da sifili idan aka buɗe ta nan take a ɗaki mai ɗumi, fentin jikinta yakan tsattsage kamar tsohuwar tasa, kuma tsirkiya ba za ta zauna a saiti ba. Babbar matsalar ma bushewa ce. Iskar gidan da ake ɗumamawa ba ta da laima, katako kuwa yana son kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Idan ya sauka ƙasa da 30 na makonni, fuskar jita takan lotsa, bakin ƙarafan wuya su fito suna yankar yatsa, daga nan sai tsagewa. Dabarar da na gani: soso mai ɗan danshi, wanda aka matse sosai, a cikin robar sabulu da aka huhhuda, a ajiye cikin akwatin. Duk mai jitar katako a Kano ko Zinder da ya ga abin da hunturu ke yi mata zai gane wannan ciwo, kuma maganin ɗaya ne.

Kayan kiɗan ba su da yawa. Amfilifayar jita Fender Princeton ce mai wat 12, an ɗora ta a kujera an karkata ta zuwa kunnen mai kiɗa, don idan tana ƙasa gwiwarsa ce ke ji, sai ya yi ta ƙara mata murya. A cikinta akwai akwatin sifirin da ke ba da amsa-kuwwa, wanda idan wani ya yi tuntuɓe da kujerar zai yi ƙara kamar an yar da tire, saboda haka aka sa nannaɗaɗɗen tawul a ƙarƙashi. Mai ganga ta zo da ƙaramar ganga mai zaren ƙarfe, da babbar ganga ta tsaye, da faifan tagulla ɗaya. Ta shimfiɗa tawul ɗin kicin a kan babbar, ta ɗora walat a gefen ƙaramar, don bugu ya fito gajere. Zaren ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙaramar ganga yakan yi zuza da kansa duk lokacin da bes ya taɓa wani sauti, ko ba a buga ta ba, sai ta riƙa sake shi da ɗan maɓalli a waƙoƙin da ba ta buƙatarsa. Babu makirufo a kan ganga ko jita. Murya kaɗai aka sa wa, Shure SM58 guda biyu, lasifika kuma a gaban layin makirufo suke, suna kallon jama'a. Duk da haka rufi mai ƙasa-ƙasa yana dawo da sauti cikin makirufo, mawaƙin da ke rera waƙa da raɗa kuwa dole a ɗaga masa, nan ne kuka ke tashi. Ta rage tsakiyar sauti kaɗan a miksa, ta yanke na ƙasa gaba ɗaya daga layin murya, ta ce wa mawaƙiyar ta riƙa taɓa ragar makirufo da leɓe kuma kada ta rufe kansa da tafin hannu.

Ƙarfe bakwai da rabi mutane suka fara sauka. Akwai kwalba a kan tebur a bakin matakala da takarda mai cewa dala goma, amma ba a korar kowa don ba shi da kuɗi. Gidan ba a shan giya a cikinsa, saboda suna son 'yan ƙasa da shekara 21 su samu shiga. Na ƙirga mutum talatin da takwas, yawanci zaune a ƙasa da rigunan sanyinsu. Kafin bugun farko mai gidan ya hau sama ya kashe tukunyar ɗumama gida, ya zare wayar firjin da ke ɗakin ƙasa, ya sa makullin motarsa a cikin firjin don kada ya manta ya mayar. Sai da injinan suka yi shiru na gane irin hayaniyar da suke yi.

Wanda bai taɓa gwadawa ba zai ɗauka kiɗa a hankali ya fi sauƙi. Akasin haka ne. A gudun bugu 55 zuwa 65 a minti, tsakanin bugu da bugu akwai fili mai faɗi da hannu ke ƙaiƙayin cikewa, kuma jiki yana jan mutum ya yi sauri ba tare da ya sani ba. Ƙungiyar farko, 'yan gari, sun fara waƙa a wajen sittin suka gama ta a kusan saba'in, abin ya zama wata waƙa daban. Mai gangar baƙi kuwa leɓenta na motsi, tana ƙirga rabin bugu da rubu'insa a ciki, hannunta na yin da'ira a iska tsakanin bugu biyu don kada ya tsaya cak ya rasa lokacin faɗowa. Mai bes yana barin sauti ɗaya ya yi daƙiƙa huɗu, kuma inda yake ɗaga yatsa ya kashe shi yana da muhimmanci daidai da inda ya fara. Muryoyi biyu, mace da namiji, suna riƙe wasali ɗaya tare har numfashi ya ƙare. Idan ɗaya ya kauce da ƙwayar zarra, za ka ji sautukan biyu suna gogayya suna rawa. Babu ƙara da za a ɓuya a bayanta. Ba duka na ji daɗi ba, gaskiya. Akwai wani mai jita shi kaɗai da ya ɗauka cewa rashin saita tsirkiya shi ne lo-fi, ya yi minti ashirin da biyar da suka yi kama da awa.

A tsakiyar waƙa ta uku ta baƙi, ƙahon wani jirgin ruwa ya shigo ta cikin matasan taga, dogo ɗaya da gajeru biyu, gadar ɗagawa ta bakin tashar ta amsa masa. Babu wanda ya yi dariya, mai ganga ta jira ya wuce ta ci gaba.

Kowace ƙungiya minti 25 zuwa 30 take yi, sauyi minti goma, a lokacin ne ake kunna ɗumama. Ƙarfe goma daidai aka gama, don daga wannan lokaci ne maƙwabci ke iya kiran 'yan sanda, kuma gidan da aka kira wa su sau biyu ko uku mai hayar da shi yakan ji labari. Kwalba ta tara dala 310. Babu liƙi, babu mai gida da ya cire kasonsa. Baƙi da suka tuƙo daga wata jiha aka ba 200 saboda mai, sauran ƙungiyoyi biyu suka raba ragowar, ɗaya ma ta mayar da nata ga baƙin. Tukunyar wake da shinkafa na kan murhu a sama, kwana kuma a falo ne cikin jakar barci. Abin da ke kai su gari na gaba shi ne teburin saye: kaset dala takwas, riga ashirin.

Abu ɗaya da ban ji daɗinsa ba shi ne ƙofa. Matakala ɗaya ce tak, ta katako, kuma an tara takalma da riguna a kanta har sai da matar sautin ta sa aka kwashe. Mutanen wannan harka ba su manta da gobarar birnin Oakland na jihar California ta ranar 2 ga Disamba 2016 ba, inda mutum 36 suka mutu a wani sito da aka mayar gidan zama da wurin wasa, bayanta kuma hukumomi suka rufe irin waɗannan wurare da dama a faɗin ƙasar. A wannan gida akwai tukunyar kashe gobara a gindin matakala, an hana kyandir da sigari, kuma suna tsayar da shiga idan an kai arba'in. Da ni ne da na tsaya a talatin.

Washegari aka kai ni ɗakin saman wani gida inda baƙin suka tsaya naɗar waƙa biyu kafin su kama hanya. Na'urar naɗin nasu Tascam 424 ce, jikar ƙaramar na'urar naɗi ta Portastudio ta farko da kamfanin TEAC ya fitar a 1979. Kaset na gama-gari take ci, amma ba kamar rediyon gida ba. Zaren kaset faɗinsa milimita 3.81 ne, kuma a al'ada an raba shi layi huɗu, biyu na fuskar farko, biyu na ta biyu. Wannan na'ura tana amfani da huɗun duka a tafiya ɗaya, saboda haka kaset ba shi da bayan da za a juya. Tana kuma iya gudu ninki biyu, santimita 9.5 a daƙiƙa maimakon 4.76, wanda ke ƙara tsabtar sauti ya rage rawar murya. Sakamakon lissafin: kaset na minti 60 yana ba ka minti 15 kacal. Waƙar slowcore ɗaya tana iya cin minti bakwai, kenan ɗauka biyu kaset ya ƙare.

Zaren da aka gina na'urar a kansa shi ne nau'i na biyu, wanda muke kira kurom, irin su TDK SA da Maxell XLII. An daina yin waɗannan biyun, sai farautar tsohon kaya da ba a buɗe ba, kuma farashinsu ya tashi. Idan aka sa zare na gama-gari zai ɗauka, amma sautin sama zai fito ba daidai ba. Na minti 60 ya fi, na 90 ya fi siriri, na 120 kuwa kada a kusance shi, miƙewa yake yi ya naɗe a cikin inji. Sabon kaset sai an tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya don zare ya zauna daidai, sannan a bar rabin minti na farko fanko, domin nan ne yamutsewa ta fi yawa.

Kafin a danna komai, mai na'urar ya tsoma tsinken goge kunne a sifirit mai ƙarfin kashi 91 ko sama, ya goge kawunan naɗi da na gogewa da ɗan sandan ƙarfen da ke jan zare, har auduga ta daina fitowa da launin ƙasa. Tayar robar da ke matse zare ba a sa mata sifirit, yana busar da ita ta ƙeƙashe, ruwa kaɗan ya isa. Wannan taya da bel ɗin ciki su ne ke fara mutuwa. Na'urar da ta shekara ashirin a ajiye sau da yawa bel ɗinta ya narke ya zama kamar kwalta, sai an kankare an sa sabo. Alamar taya ko bel da suka gaji ita ce sauti mai tsawo ya riƙa lilo sama da ƙasa. A waƙa mai sauri ba a lura. A nan, inda jita ke riƙe sauti ɗaya daƙiƙa biyar, ko ɗan yaro zai ji. Kaɗan daga wannan lilo shi ne abin da masoya salon ke nema, kamar yadda ake ji a faifan 1998 na ƙungiyar Duster ta birnin San Jose, wanda ya sake samun kasuwa bayan an sake fitar da ayyukansu a 2019. Da yawansa kuwa ciwon kai ne.

Ga yadda suka raba layukan. Ganga a layi na ɗaya da makirufo guda, SM57, a rataye sama da kafaɗar dama ta mai kiɗa yana kallon tsakanin gangunan biyu. Bes kai tsaye ta waya a layi na biyu. Jita a na uku. Sannan aka haɗe ukun aka zuba su a layi na huɗu, aka goge na farko don murya da sauran ƙari. Ta haka ake samun sassa bakwai daga layi huɗu, ko goma idan ana ƙara kiɗa kai tsaye a kowace zuba. Amma kowace zuba tana ƙara huci tana cinye sautin sama, kuma abin da aka haɗe ba ya rabuwa. Idan bes ya yi yawa, ya yi yawa har abada. Don haka sukan ɗan ƙara sautin sama kafin zuba, su yi gwaji sau uku ko huɗu kafin su goge asali. Zuba daga layi zuwa maƙwabcinsa na kusa, kamar na uku zuwa na huɗu, yana iya haifar da kuka idan an ɗaga murya, saboda wuraren biyu suna dab da juna a kai ɗaya. Layukan gefe, na ɗaya da na huɗu, su ne ke fara lalacewa idan bakin zare ya taɓu, shi ya sa muryar jagora ta fi aminci a na biyu ko na uku.

Sun yi gardama mai tsawo a kan maɓallin dbx, mai rage huci. Yadda yake aiki shi ne ya matse sauti wajen shiga ya buɗe shi wajen fita. A kiɗa mai cika yana da kyau. A kiɗa mai fili kuwa, idan bes ya buga shi kaɗai, za ka ji huci ya taso tare da shi ya koma tare da shi, kamar wani na numfashi a bayan ƙofa. Mai bes ta fi son a kashe shi a ɗaga ƙarfin naɗi har allura ta riƙa leƙa ja, a bar huci ya zauna daram a wuri ɗaya, kunne ya saba da shi ya manta. Ra'ayina ya fi karkata gare ta. Abin da ba a yi shi ne naɗi da dbx a kunne sannan a saurara a kashe, ko akasin haka. Sun kuma rage gudun zare da maɓallin saiti kaɗan wajen ɗaukar murya, ta yadda idan aka mayar daidai muryar za ta ɗan tashi ta yi siriri. Akwai wata dabarar: a juya kaset a naɗi jita, idan aka mayar sai ta fito da baya. Sai dai a tuna layi na ɗaya ya koma na huɗu, na biyu ya koma na uku, mutane da yawa sun goge gangarsu ta wannan hanya.

Wajen kwashewa zuwa kwamfuta, na'urar tana da mafita huɗu, kuma dole a kwashe huɗun a tafiya ɗaya. Wanda ke da mashiga biyu kawai ya yi sau biyu zai tarar layukan suna zamewa daga juna, don zare ba ya gudu iri ɗaya sau biyu. Idan babu makawa, a tafa hannu a kan layukan huɗu a farko da ƙarshen waƙa, a yi amfani da tafin wajen daidaitawa.

Kaset ɗin da suke sayarwa guda hamsin suka yi. Ana odar fanko da aka yanka daidai tsawon aiki, misali minti 16 kowace fuska, daga kamfanoni irin su National Audio Company na Springfield a jihar Missouri, wanda har yau yake yin sabon zare. A jera waƙoƙi yadda fuskokin biyu za su yi kusan daidai, in ba haka ba mai sauraro zai zauna da minti huɗu na fanko. Suna kwafa da rikoda uku a jere a gudun sauraro, ba da saurin nan na rediyo mai baki biyu ba, wanda ke dusashe sauti. Kaset hamsin na minti 32 a kan rikoda uku aikin awa tara ne ko fiye, ana goge kai bayan kowane goma, ana saurarar ɗaya daga kowane zagaye. A ƙarshe a ɓalle 'yan haƙoran saman kaset don kada a naɗi wani abu a kai, a ninke takardar bango, a sa 'yar takarda mai lambar saukewa daga Bandcamp, shafin intanet na sayar da waƙa, don da yawa daga masu saye ba su da abin kunna shi. Bandcamp yana cire kashi 15 cikin ɗari a cinikin saukewa, 10 a kaya na hannu.

Ga mai sha'awar ɗauko irin wannan na'ura zuwa gida: ta kasuwar Amurka bolt 120 take sha, jona ta kai tsaye a wutarmu ta 230 ƙonewa ne nan take, sai da taransifoma mai ragewa. A sayo bel da tayar roba na ajiya tun daga can, a kuma tanadi mayafi, don ƙura tana cin kan naɗi kamar sabulu.

Baƙin sun loda motarsu da azahar, amfilifaya a can ciki nesa da ƙofa, kaset ɗin asali kuwa mai ganga ta sa shi a aljihun cikin rigarta, nesa da maganaɗisun lasifika da kuma sanyi. Ni na gangara Canal Park, unguwar bakin tafki, na jira bas a kusa da gadar. Wani dogon jirgin tama yana shigowa a hankali, gabansa duk farin ƙanƙara, ƙararrawa na kaɗawa, motoci sun yi layi a ɓangarorin biyu suna jiran gada ta sauko.